Shekarar da Baba Ya Rasa Gonar da Zai Biya Gayya

Har yau idan aka tambaye ni sana'ata sai na yi ɗan jim kafin in amsa. Da safe ni malamin firamare ne a Gummi. Da la'asar ina zaune gindin dalbejiya da kwalaben fetur a gabana, ina jiran 'yan kabu-kabu. Idan damina ta faɗi kuma akwai wata 'yar gona da nake leƙawa ranar da babu makaranta, irin leƙen da ake yi wa marar lafiyar da ba dangi ba. To wanne zan faɗa? Duk wanda na ambata sai in ji kamar na ɓoye wani abu.

Babanmu bai san irin wannan damuwar ba. A ƙauyenmu na ƙasar Bukkuyum, lokacin da na yi wayo, ba a tambayar mutum ko yana noma, don tambayar banza ce. Liman na noma, maƙeri na noma, wanzami na noma. Ƙira da aski da rini abin rani ne, abin da hannu ke yi kafin ruwa ya dawo. Daga baya aka fara fita. Kawuna, ƙanen Inna, shi ne na farko da na sani. Ya tafi birni aikin masaƙa, yana dawowa da sallah da agogo a hannu da yadudduka a jaka, kowa ya ce ai can za mu ƙare dukanmu, gona ta tsofaffi ce. Ba mu ƙare can ba. Masaƙar ce aka rufe, kawu ya dawo da agogonsa da wani tari da bai rabu da shi ba, ya kafa teburin shayi. Sai aka ga zinari wajen Anka, samari suka ɗunguma can da diga da buhu. Sai babura, sai wayoyi, sai na'urar cire kuɗi a kowace kwana. A rediyo nakan ji masani yana cewa haka abin yake a ƙasar baki ɗaya, mutane na barin gona suna komawa saye da sayarwa da aikin yi wa jama'a hidima, wai alamar ci gaba ce. Washegari wani ya zo ya ce alamar lalacewa ce. Ni ina sauraren su ina auna fetur, kuma duk wanda ya yi magana sai in ga kamar shi ke da gaskiya.

Abin da zan faɗa ya faru ne a daminar da gwiwoyin Baba suka fara yi masa gardama. Ni ina Gummi, ƙanena yana Kudu yana gadi, gonar gandu kuwa tana nan da girmanta, ba ta ragu don mun watse ba. Ruwa ya sauka da kyau, gero ya fito, ciyawa ta fito ta fi shi sauri. Na zo gida na tarar da Baba ya yi kwanaki yana fama shi kaɗai, abin da ya nome bai kai inda akuya za ta yi kiwo ta ƙoshi ba. Na ce masa mu ɗauki 'yan ƙodago, ni zan ji da su.

Ya dube ni kamar na ce ya je kasuwa ba wando.

"Ƙodago? Ni? Ina da mutane. Gayya za ni yi."

Gayya, ga wanda bai tashi a ƙauye ba, ita ce mai gona ya kira mutanen gari su taru su nome masa rana ɗaya. Ba a biyan kowa. Shi dai zai yi fura da tuwo, in da hali ya yanka akuya, ya kira makaɗi. Abin da ke riƙe da ita shi ne, ranar da wani cikin waɗanda suka zo ya kira tasa, kai ma za ka saɓi fartanya ka je. Baba tun yana saurayi babu gayyar da aka kira a garinmu da ƙauyukan kewaye da bai je ba. Bai je Hajji ba, bai mallaki ko keke mai kyau ba, abin alfaharinsa a duniya ɗaya ne: bai taɓa cin gumin wani bai mayar ba. Ya faɗa mana wannan maganar har idan ya fara mukan ƙarasa masa a zuci.

Na ce, "Baba, wa za shi zo? Abokanka rabinsu sun riga mu gidan gaskiya, saura ko masallaci da sanda suka zuwa."

"Ba su bar ɗiya ba? Ka tahi ka hwaɗa ma ɗiyan mutanen da niy yi ma noma."

Haka na hau babur ina bin mutane. Ɗan maƙeri na same shi a Bukkuyum, a shagonsa na cajin waya da cire kuɗi. Ɗan wanzami yana tashar kabu-kabu. Ɗan mai rini yana can ramin zinari wajen Anka, sai ta waya na same shi, ƙarar injin niƙa dutse tana cinye rabin maganarsa. Da sauran irinsu. Kowa cikinsu ya amsa da ladabi, ya ce Baba ya wuce haka wurinsu, in Allah ya so za a gan su. Na dawo ban san ko na yarda da su ba.

Inna ta ɗauki abin da gaske fiye da kowa. Tun jajibiri ita da maƙwabta suke daka, aka samo nono wurin Fulanin da ke zaune bayan rafi, aka kayar da akuyar da take ta tattali. Aka nemo tsohon makaɗin noma, wanda yanzu sai lokacin siyasa ake tunawa da shi. Ya zo da gangarsa fatar ta saki, sai da aka gasa ta a wuta kafin ta yi murya.

Da hantsi muna bakin gona muka ji babura. Baba ya gyara tsayuwa. Ɗan maƙeri ne a gaba, cikin farar shadda da takalmi mai sheƙi, bayansa an goyo wasu mutane da ban taɓa gani ba. Ya sauka ya durƙusa har ƙasa ya gaida Baba.

"Baba, ga mutanena na kawo, su za su tsaya mini. Ni shago ba kowa, ka yi mini gahwara."

Kafin Baba ya buɗe baki ɗan wanzami ya iso da nasa mutanen, shi ma ya durƙusa, shi ma ya faɗi irin wannan maganar. Ɗan mai rini bai zo ba, amma shi ya fi kowa aiko da mutane, har da buhun ruwan leda. Kafin a jima bakin gonar ya cika da baƙi, 'yan garinmu kuma duk sun juya baburansu sun koma wurin nemansu. Ba raini suka yi ba, wannan na tabbata. A ganinsu sun yi abin da ya fi zuwa da kansu, don rabon wasunsu da fartanya tun suna firamare.

Baƙin nan mutanen ƙauyukan da 'yan bindiga suka tasa ne, suna zaune a Bukkuyum cikin kangaye da rumfunan kasuwa, abincinsu ƙodago. Samarin sun riga sun sallame su tun kafin su taho. Suka jera ba wanda ya ce su jera, suka duƙa. Ban taɓa ganin noma mai tsabta da sauri irin wannan ba, kuma ban taɓa ganin gayya mai shiru irin wannan ba. A gayya ana tsere, ana ihu, ana yi wa wanda aka bari a baya tsiya har ya ji kamar ya nutse. Makaɗi kuma aikinsa ya kira kowane saurayi da kirarin gidansu, ya tuna masa wane ne ubansa, sai ka ga yaro ya zabura kamar an watsa masa ruwan zafi. Tsohon nan ya bi bayansu da ganga, ya dubi wannan ya dubi wancan, bai san ɗan wa zai kira ba. Ya yi ta kiɗa ba magana, can ya gaji ya koma inuwa ya zauna yana cin goro.

Kafin azahar an gama. Mata suka sauke ƙoren fura da akussan tuwo da naman akuya, baƙin kuwa suka tsaya nesa suna kallon juna. Ɗaya ya matso kusa da ni ya tambaya a hankali ko za a cire na abincin daga abin da aka ba su, don ba a yi da su za a ci abinci ba. Inna ta ji. Na ga ta juya baya tana gyara ɗankwalin da bai kwance ba.

Akwai wani dattijo cikinsu, dogo, farin gemu, ƙotar fartanyarsa ta sha hannu har tana ƙyalli. Shi ya daka musu tsawa.

"Ku zamna ku ci. Ba ku ga ganga ba? Wanga tuwon gayya na."

Suka zauna suka ci. Da yawansu ba su taɓa naman ba, suka ƙulle shi a leda suka sa aljihu.

Da la'asar Baba yana zaune a zaure ya kira ni.

"Wanga abu da anka yi yau, gayya ta ko ƙodago?"

Na ce, "Baba, gona dai ta nomu."

"Ba shi nit tambaye ka ba."

Har yau da nake rubuta wannan ban sami amsar tambayarsa ba. Shi ya kira gayya, an amsa masa, bai biya kowa ba: gayya ke nan. Waɗanda suka yi aikin an biya su, ba su san shi ba, bai san su ba: ƙodago ke nan. Inna ta ce tunda aka yanka mata akuya ai dole gayya ce, kada wanda ya sake ya ce mata wani abu daban. Baba ya je wurin liman, liman ya ce duka biyun halal ne. Ya dawo yana faɗa shi kaɗai, wai shi ya tambayi sunan abu an ba shi hukuncinsa. Daga ƙarshe ya yanke wa kansa: yaran nan ya kira, su suka amsa, su zai biya, kuma kafin maimai ya wuce, wato noma na biyu, don bayan shi babu sauran aikin fartanya a shekarar.

Ranar kasuwa ya sa na goya shi zuwa Bukkuyum, fartanya a kafaɗarsa. Na roƙe shi ya bar ta a gida har mu ji ta bakinsu tukuna, ya ƙi. Muka tsaya ƙofar shagon ɗan maƙeri, janareta na ruri, mutane sun yi layi.

"Na zaka biyan gayya. Ina gonakka?"

Yaron ya yi dariya, ya ɗauka wasa ne. Da ya ga fuskar Baba sai ya daina dariyar.

"Baba, ai tun rasuwar tsoho munka raba. Ni tawa na sai da ta. Ita ta wagga da kaka gani." Ya nuna shagon.

Baba ya shiga ya dubi katakon da aka jera wayoyi, kowace da igiyarta da 'yar lambarta, ya dubi na'urar, ya dubi firjin lemo. Ya daɗe yana dubawa, kamar yana neman inda ciyawa ta fito.

"To mi za ni yi maka nan?"

"Wallahi ba komi, Baba. Addu'a kawai."

"Addu'a ina yi ma kowa. Aiki nika tambaya."

Sai ya hango tsintsiya a bayan ƙofa, ya jingine fartanya ya ɗauka. Yaron ya yi tsalle ya tsallake teburi ya riƙe masa hannu, yana rantsuwa yana cewa in mutanen gari suka ji abokin ubansa ya share masa shago ina zai sa kansa. Suka tsaya suna ja, tsoho da yaro, tsintsiya a tsakani, masu layi sun saki baki. Ni kunya ta kama ni, haushi ya kama ni, ga dariya tana neman ƙwace mini, ban san wanne zan bi ba. Da ƙyar na fitar da shi. An biyo mu da lemo mai sanyi, ko kallonsa bai yi ba.

Ɗan wanzami yana da gona, amma ya ba da ita haya, shi kansa bai san abin da aka shuka a ciki bana ba. Ya ce cikin raha sai dai in Baba zai riƙa tura masa babur idan mai ya ƙare. Abokan aikinsa suka kwashe da dariya, Baba ya ce mu tafi.

Ramin zinari kam na ce ba zan kai shi ba ko zai tsine mini. Hanyar ba ta da lafiya, kuma ban ga abin da mai irin gwiwarsa zai yi a bakin rami ba. Na kira ɗan mai rini na sa wa Baba wayar a kunne. Yaron ya ce, "Baba, ramen ai ba nau ba na, ni ma wani nika yi ma aiki." Baba ya ce to a haɗa shi da mai ramin. Yaron ya ce shi ma mai ramin wani yake yi wa, wani mutum a birni da ba su taɓa gani ba, sai dai motarsa ta zo ta kwashi kaya. Baba ya miƙo mini wayar.

"Kowa na yi ma wani aiki, kuma ba mai gona. To wa ad da abin?"

Ni da nake koyar da yara ilimin zaman jama'a, na tsaya ina sosa ƙeya.

Daga ranar Baba ya canza. Ya rage cin abinci, ya daina fita dandali bayan sallar la'asar. Idan ya je gonar ya ga yadda geron ya miƙe ya yi baƙi ƙirin, maimakon ya ji daɗi sai ya dawo ransa a ɓace. Na hasala na ce masa yaran nan sun yafe, sun faɗa da bakinsu, me ya rage kuma? Duniyar ce ta juya, ba shi ya juya ta ba.

Ya ce, "Kai ba ka gane ba. In anka yi mini noma ban maida ba, sadaka anka ba ni. Tsohon da ba ya iya komi, shi aka yi ma haka. Ni ban kai nan ba tukuna."

A nan na ga abin da ke cin sa, kuma tausayinsa ya kama ni. Amma tausayi bai ba ni dabara ba.

Inna ce ta gaji da ganin tuwonta yana dawowa. Ta ajiye akushi da ƙarfi ta ce, "Malam, su waɗanga yaran da kaka bi shago-shago, wane cikinsu yar riƙa kwasa yay yi noma? Wanda yay yi zuhwa shi za ka biɗa." Baba ya dube ta, sannan ya jawo akushin.

Washegari muka koma Bukkuyum neman dogon dattijon nan. Ba mu sha wuya ba, 'yan ƙodago duk sun san shi. Yana zaune da iyalinsa a wani kango bayan kasuwa, ginin da aka kai linta aka bari, an rataya buhu a madadin ƙofa. Ya shimfiɗa mana tabarma, suka gaisa da Baba gaisuwa mai tsawo, ta ruwa da gajiya da iyali. Sannan Baba ya faɗi abin da ya kawo shi, ya tambayi inda gonarsa take.

Mutumin ya yi murmushi.

"Gona tana nan inda nib bar ta, Malam. Ba ta tahi ko'ina ba. Ni na ba ni iya zuwa."

Bai yi mana labarin daren da suka gudu ba, mu ma ba mu tambaya ba. Labarin gonar ya yi. Ya ce jigawa ce daga sama, ta gangara har fadama, akwai tsamiya biyu a tsakiya da kakansa ya hana a sare. Ya ce idan ya kira gayya makaɗa biyu yake ɗauka, ɗaya a kowane gefe, kuma ba a taɓa tashi daga gonarsa da sauran yunwa ba. Yana magana yana nuna wurare da hannu a jikin bangon kangon, nan rumbuna, nan turken shanu. Ya ce ranar da aka kai su gonarmu ya ji ganga, ƙafarsa ta so ta ɗauke shi ta mayar da shi bisa babur.

Baba ya ce, "Allah shi kyauta." Muka yi sallama.

A hanyar komawa ya ce in bi ta gona. Ya sauka ya taka a hankali har gindin wani gawo da ke wajen tsakiya, ya tsaya ya nuna gangaren da ya tafi rafi, inda geronmu ya fi kyau.

"Daga nan har ƙasa, bana tashi ta."

Na ce, "Ta wa?"

"Ta mutumen."

Raina ya ɓaci ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Wannan gefen shi ke cika mana rumbu. Na ce da me za su ci shi da Inna, ni da albashina bai kai ƙarshen wata? Na ce aro ne ko kyauta, ya faɗa mini in san abin da zan gaya wa ƙanena. Na ce wane irin lissafi ne mutum ya ba da rabin abincinsa don kawai ya sami inda zai wahala? Ya bar ni na gama, sannan ya ce in tayar da babur rana na yi.

Na ɗauka dattijon zai karɓa da godiya. Ashe taurin kai biyu ne za su haɗu. Ya ce shi ƙodago yake yi, ba bara ba, kuma ba a kai ga ba shi sadakar gona ba. Baba ya ce ba sadaka ba ce, wuri yake nema ya biya gayyarsa, in ya ƙi karɓa shi ya zalunta. Suka yi ta yi, ni ina tsakani ina kallon wannan in kalli wancan, na kasa gane wa ke roƙon wa. Daga ƙarshe mutumin ya yarda, da sharaɗi: in gayya ce, to a yi ta yadda ake yi. Shi zai zo ya kira, shi zai ciyar. Inna ta aika wa matarsa da gero a ɓoye don ta sami na fura, aka dawo mata da shi ko buɗe ƙwaryar ba a yi ba.

Dattijon ya zo da ƙafa tun daga Bukkuyum, ya yi sallama a ƙofar gidanmu, ya ce yana gayyar maimai, yana roƙon a taimaka masa. Baba ya amsa masa da fuska a ɗaure, kamar bai san da maganar ba, ya ce in Allah ya kai mu za a zo. Da ya tafi Baba ya ce mini ni ma an kira ni.

Gayyar mutum biyu ce, ni da Baba. Ba makaɗi. Matar dattijon ta zo da ƙwaryar fura a kai, furar da na san daga ƙodagonsa na kwanakin nan ta fito, ruwa ya fi gari yawa. Muka tsaya gindin gawon, a gonar da aka haife ni ana nomanta, muna jiran baƙo ya nuna mana inda za mu fara.

Ya nuna, muka duƙa. Baba yana noma yana nishi, ya yi ɗan gaba ya dafa ƙugu, ya sake duƙawa. Ni hannuna da ya saba da alli da mazurari nan da nan ya yi ƙanta. Dattijon bai iya jurewa ba, ya ɗauki fartanyarsa ya shigo kusa da Baba zai kama masa. Baba ya ɗago.

"Kai wa yac ce ka shigo? Mai gona ba ya tsere da 'yan gayya. Koma ka tsaya."

Ya koma bakin kunya ya tsaya. Na saci kallonsa. Bai san yadda zai yi da hannuwansa ba, ya goya su a baya, ya sake su, ya kama gemu. Ya ɗebo fura a ludayi ya kawo wa Baba, Baba ya shanye ya ce a ƙaro. Sannan ya fara bin bayanmu a hankali yana duba aikin, ya tsuguna ya tayar da wani gero da ƙasa ta danne, ya miƙe ya ci gaba. Tafiyarsa ta canza, ban san yadda zan kwatanta ba, kafaɗunsa dai sun buɗe. Can ya tsaya a kan kunyar Baba ya yi gyaran murya.

"Malam, ka bar haki bayanka."

Na daina noma. A rayuwata ban taɓa jin wanda ya gaya wa Baba ya bar ciyawa a baya ba. Mutumin ma da maganar ta fita sai ya rufe baki da hannu, idanunsa suka kawo ruwa, matarsa ta sunkuyar da kai.

Baba ya waiwaya ya dubi wurin. Da gaske akwai ciyawar. Ya ja gwiwoyinsa ya koma baya, ya duƙa ya cire ta tas, ya karkaɗe saiwar ya jefar. Da ya ɗago na ga yana murmushin da rabona da gani tun kafin ruwa ya sauka. Sai ya ga na tsaya riƙe da fartanya ina kallonsu.

"Kai kuma mi kaka kallo? Duƙa ka yi aiki, mai gona na tsaye."